Yadda Ake Shirya Tafiyar Farautar Elk a Duwatsun Kolorado

Wanda zai shiga duwatsun yammacin Amurka farautar elk, wata irin babbar barewa mai ƙaho mai rassa, daga nama ya kamata ya fara lissafi. Ƙasaitaccen namiji yakan kai kilo 300 zuwa 350, wato ya ɗara gwanki girma, tamacen kuma tana kewayen kilo 230. Idan aka feɗe namiji aka zare ƙashi, za a tashi da tsoka wajen kilo 100, ban da ƙaho. Wannan nama a bayanka zai fito, a kan ƙafafunka, kafin ya lalace. Saboda haka inda za ka kafa tanti, da yawan mutanen da za ku tafi, da kwanakin da za ka ɗauka hutu a wurin aiki, duk amsar tambaya ɗaya suke jira: daga nisan kilomita nawa za ku iya fito da kilo 100?

Zan ɗauki jihar Kolorado misali, domin ita ce ta fi kowace jiha yawan elk, kusan 300,000, kuma nan ne baƙo ya fi samun lasisi da sauƙi. A cikinta kuma zan ɗauki dajin Flat Tops da ke gabas da garin Meeker.

Mataki na farko: takardu, tun watan Janairu

Farautar kaka tun cikin hunturu ake neman izininta. Jihar Wayomin tana rufe karɓar takardun baƙi masu neman elk a ƙarshen Janairu, Montana a farkon Afrilu. A Kolorado, hukumar da ake kira Colorado Parks and Wildlife tana fitar da littafin dokokin shekara a Fabrairu, ta buɗe neman lasisi a Maris, ta rufe ranar Talatar farko ta Afrilu. Ƙuri'a ake yi. Wanda bai dace ba ana rubuta masa maki guda, makin kuma shi ke matso da shi gaba a layin baɗi. Lasisin da ya yi saura ana sayar da shi a farkon Agusta. Akwai kuma lasisin namiji na zangon bindiga na biyu da na uku, wato kwanakin da aka ware wa masu bindiga, wanda ake saye kai tsaye a yankuna da dama ba tare da ƙuri'a ba. Masu baka da kibiya daga wajen jihar sun rasa wannan sauƙi a yawancin yankuna tun 2025, su ma yanzu sai ƙuri'a.

Kuɗin lasisin baƙo ya haura dala 800, na ɗan jiha bai kai 100 ba. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 zuwa yau, sai ya nuna katin shaidar ya yi kwas ɗin koyon farauta. Ka yi kwas ɗin da wuri, domin azuzuwan sukan cika idan lokaci ya gabato.

Lasisin yana ɗauke da lambar yanki, da zango, da jinsin dabbar, kuma ba ya aiki a wajen abin da aka rubuta. A yawancin yankunan Kolorado, namijin da ya halatta a harba shi ne mai rassa huɗu a ƙaho ɗaya, ko mai reshen goshi da ya kai inci 5. Wani abu da ke kama baƙi a Wayomin: dokarsu ta hana wanda ba ɗan jiha ba farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓen daji na tarayya, wanda mota ba ta shiga, sai da jagora. Kolorado ba ta da wannan sharaɗi.

Idan da biza ka shigo Amurka, lasisin farauta mai aiki shi ne ke ba ka damar riƙe bindiga a doka. In kuwa da taka bindigar za ka shigo daga waje, akwai takarda mai lamba 6NIA ta ATF, hukumar da ke kula da bindigogi, da za ka nema tun da sauran watanni.

Mataki na biyu: zaɓar wata

Satumba watan barbara ne. Mazan suna kururuwa a kwazazzabai, ana jin su daga nesa, kuma wannan ne lokacin masu baka, daga 2 zuwa 30 ga wata. Sai dai rana takan yi zafi, ga ƙudaje, nama ba ya jira. Zangon bindiga na farko yana tsakiyar Oktoba, kwana 5 ne kacal kuma sai da ƙuri'a. Na biyu yana farawa ƙarshen Oktoba, sauran suna Nuwamba. A nan sanyi yana tsare maka nama, amma dusar ƙanƙara tana iya rufe hanya a dare ɗaya ta kulle mota a kan dutse. A ganina sabon shiga ya fi dacewa da Oktoba.

Mataki na uku: ja layi a taswira

Nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yaudarar kai.

Da farko ka san mallakar ƙasar. Akwai gandun daji na tarayya, akwai filayen BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, akwai na jiha, akwai na masu kiwo. A Kolorado mai fili ba dole ne ya kafa allo ko shinge ba, kai ne za ka san inda kake. Manhajoji irin su onX Hunt suna nuna iyakoki, amma ka sauke taswirar cikin waya tun kana gari, domin a sama babu sabis. Ka nemi taswirar hanyoyin mota da hukumar gandun daji ke bayarwa kyauta, ita ce ke faɗin hanyar da aka yarda mota ta bi da watan da ake kulle ta. Ka kuma riƙe taswirar takarda da kamfas, batir ba ya son sanyi.

Na biyu, ka fahimci abin da ake nufi da keɓaɓɓen daji. Dokar 1964 ta hana duk wani inji da duk wani abu mai taya a cikinsa: ba mota, ba babur, ba keke, ba baro, ba zarto mai inji. Flat Tops yana cikin wannan rukuni, girmansa kusan eka 235,000. Daga inda aka ajiye mota, sai ƙafa ko doki ko alfadari.

Yanzu lissafi. A ce ku biyu ne, kun kada namiji a nisan kilomita 6 daga mota. Mutum mai ƙarfi yana iya ɗaukar kilo 30 a kan irin wannan hanya ba tare da ya lahanta gwiwa ba. Nama da ƙaho sawu biyu ke nan, kayan zango sawu ɗaya. Fita uku, komawa biyu, kilomita 30. Da kaya a baya, cikin itatuwan da suka faɗi suka gitta hanya, ba a wuce kilomita 2 a awa ɗaya. Aikin kwana biyu ne cur. In kai kaɗai ne, fita biyar da komawa huɗu, kilomita 54, kuma a Satumba naman ba zai jira ka ba. To, sai ka ja da'ira a taswira kewaye da inda motar za ta tsaya: mutum ɗaya kilomita 3, mutum biyu kilomita 5 zuwa 6, fiye da haka sai da dabbar ɗaukar kaya. Abin da ke wajen da'irar nan ka kalle shi da madubin hangen nesa kawai. Ka kuma duba hawa da gangara. Dabbar da ta faɗi a ƙasan kwazazzabo mai zurfin mita 400, ko da kilomita ɗaya ce daga hanya, ta fi wadda ke nisan kilomita 4 a shimfiɗaɗɗen wuri wahala.

A cikin da'irar ka nemi abu uku kusa da juna: duhuwar itatuwa a gefen dutsen da ke fuskantar arewa, inda suke kwanciya da rana, da buɗaɗɗen fili mai ciyawa, da ruwa. Ka tanadi wurare uku ko huɗu daban-daban, kowanne da nasa wurin ajiye mota. Kana iya isa na farko ka tarar da tireloli goma sun riga ka. Sannan ka buga wa ofishin gandun daji na yankin waya, da jami'in namun daji, ka tambayi halin hanya da ko an hana hura wuta. Suna amsawa.

Irin zangon da za ka kafa ya biyo wannan lissafi. Zango a gindin mota ya fi sauƙi: babban tanti, abinci mai kyau, kuma in wuri bai yi ba ka tashi. Zangon goyo kuwa, inda ka ɗauki komai a baya ka kwana kusa da dabbobin, yana rage tafiyar asuba amma yana ƙara sawu ranar fita. Na uku shi ne wanda mai dawaki zai kai ku ya ajiye da tanti, ya dawo ranar da kuka yi alkawari. In wannan ka zaɓa, ka tabbata yana da rajista da jiha da kuma izinin hukumar gandun daji na wannan yanki. Ko ba za ka ɗauki jagora ba, yana da kyau ka yi magana da mai alfadarai tun damina, ku yanke farashin fito da nama da yadda za ka sanar da shi. Kada ka bari sai dabba tana ƙasa ka fara neman lamba. A yawancin gandayen tarayya ba a wuce kwana 14 a zango ɗaya.

Mataki na huɗu: jiki da tudu

Denba, babban birnin Kolorado, tana kan mita 1,600 daga teku, Meeker wajen 1,900, tafkin Trappers da ke dajin Flat Tops kusan 2,900, saman Flat Tops kuma ya haura 3,000. Ciwon tudu yana farawa daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, kasala. Ba ruwansa da ƙarfin mutum. Maganinsa hawa a hankali. Ka kwana ɗaya ko biyu a Denba ko Meeker, kuma da zarar ka wuce mita 3,000 kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Wanda ya fara haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi da ruɗewa, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Mai sikila, har da mai ɗauke da rabinta, ya ga likita kafin ya sayi tikiti, domin tudu yana iya taɓa masa saifa. Akwai ƙwayar acetazolamide da likita kan rubuta don rigakafi.

Wata uku kafin tafiya ka fara hawa tudu ko matakalar bene da jakar goyo, ka fara da kilo 10 ka kai 25. Takalmin da za ka je da shi shi za ka riƙa sawa. Sabon takalmi a ranar farko yana gama wa mutum farauta da bororo.

Mataki na biyar: hanya

Daga Denba zuwa Meeker tafiyar awa huɗu ce, ta babban titin I-70 zuwa garin Rifle, sannan arewa a titi mai lamba 13. A Meeker za ka cika tanki, ka sayi ƙanƙara, ka ga inda mahautan da ke gyara naman daji suke da lokacin da suke rufewa. Mota mai jan ƙafa huɗu ake so, da sarƙar taya, da shebur, da igiyar ja, da zarto don itacen da ya faɗo kan hanya. In motar haya ce, ka karanta yarjejeniyar, da yawa sun hana bin hanyar da ba kwalta.

Mai zuwa ta jirgi: bindiga ba harsashi a ciki, a akwati mai tauri da kwaɗo, kuma ka sanar da ita a kanta. Harsashi yawanci ba a wuce kilo 5. Gwangwanin gas na risho da feshin korar beyar ba sa hawa jirgi ko kaɗan, a can za ka saya. Da ka sauka, ka je filin gwaji ka sake saita bindigar, domin jifa da akwati yana karkatar da madubin saiti.

Ka isa kwana biyu kafin buɗe zango, ka kuma bar kwana biyu a ƙarshe don nama. Zangon kwana 5 yana cin hutun kwana 10.

Mataki na shida: kaya da guzuri

Jakar goyo mai firam da za ta ɗauki nama. Tanti mai jure dusar ƙanƙara, jakar barci da aka yi wa sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri, da tabarmar roba mai kauri, domin ta ƙasa sanyi ke shiga. Tufafi na ulu ko na roba, hawa-hawa. Auduga a bar ta a gida, in ta jiƙe da zufa ba ta bushewa, kuma haka sanyi ke kashe mutane. A zangon bindiga dole ne ka sa riga da hula masu launin lemo ko hoda mai haske, inci 500 murabba'i, a gan ka ta kowane gefe. Tocilar goshi biyu. Na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach.

Kayan fiɗa su zauna a jaka kullum: wuƙa biyu da abin wasawa, buhunan yadi na nama guda biyar ko shida, igiya mita 15, safar hannu, leda mai faɗi ta shimfiɗawa, da biro don sa hannu a lasisi. Wanda ya bar su a tanti zai yi sawu biyu na banza yayin da nama ke dahuwa a cikin fata.

Abinci, gram 700 zuwa 900 a rana ga kowane mutum, a ƙulla na kowace rana a leda ɗaya. Dabino, gyaɗa, man gyaɗa, cuku da garin kwaki suna aiki sosai, garin ma ba ya bukatar wuta. Kilishi kuwa a can za ka nema ko ka yi, kwastam ɗin Amurka ba sa barin a shigo da nama. Abincin leda da ake zuba wa ruwan zafi ka karanta jikinsa, wasu da naman alade. Ruwa lita 3 zuwa 4 a rana. Komai kyan ƙorama, a tace ko a tafasa, kuma a wannan tudu minti uku ake bari yana tafasa, saboda ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Kada a kunna risho a rufaffen tanti, hayaƙin da ba a gani yana kisa cikin barci.

Kafin ka bar gari, ka rubuta wa mutum ɗaya inda motar za ta tsaya, da lambarta, da wuraren da ka zaɓa, da ranar fitowa, da lambar ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gundumar, da awar da zai kira su in bai ji ka ba.

Mataki na bakwai: zango

Ka kafa tanti mita 60 daga ruwa, nesa da busassun itatuwan da ke tsaye, waɗanda ƙwaro ya kashe da yawa a dazuzzukan Kolorado, iska kuma tana kayar da su da dare. Kada ka kwana a tsakiyar filin da dabbobin ke kiwo. Iskar dutse tana gangarowa da asuba da magariba, tana hawa idan rana ta ɗaga, elk kuma da hanci yake tsare kansa, don haka zango ya kasance ƙasa da su. Kolorado baƙin beyar kaɗai gare ta, amma Montana da Wayomin da Aidaho suna da girizili, wani babban beyar da ba a wasa da shi. Ko'ina ne, abinci a rataye shi mita 3 sama da ƙasa, mita ɗaya da ɗoriya daga jikin itace, nesa da wurin kwana. Alƙibla daga Kolorado arewa maso gabas take. Ruwan alwala kuma a kwana da shi cikin jakar barci, in ba haka ba da asuba ƙanƙara za a tarar.

Mataki na takwas: bayan harbi

Doka ta ba da dama daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Musulmi zai yi bisimilla lokacin harbi, in ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka. Akwai al'adar maharban Amurka ta barin dabbar da ta gudu da rauni sai gari ya waye. A Risala an kawo sharaɗin kada abin farauta ya kwana ba a same shi ba, tare da ƙaulin da ya sassauta idan an tarar da kibiya a makasa. Ka tambayi malaminka tun kana gida. Ko ba don wannan ba, elk ɗin da ya kwana da fatarsa da kayan cikinsa yakan yi tsami daga ƙashin cinya da wuya, har a daren sanyi, saboda kaurin jikinsa yana riƙe zafi. Wannan ya sa harbin daf da duhu a wuri mai wuya ba na ganin amfaninsa.

Da ka iske shi, ka sa hannu a takardar lasisi, ka sa alamar wurin a waya. Ba sai ka farke ciki ba. Ka tsaga fata ta gadon baya, ka feɗe gefe ɗaya, ka cire karfata da cinya, ka zare doguwar tsokar baya, ka kwashe naman wuya da na haƙarƙari, sannan ka sa hannu ta bayan haƙarƙarin ƙarshe ka ciro lallausar tsokar da ke ƙarƙashin ƙashin baya. Ka juya shi ka maimaita. Mutum biyu, awa biyu zuwa uku. Dokar Kolorado ta wajabta fito da gaɓoɓi huɗu da tsokokin baya na waje da na ciki, barinsu laifi ne. Ta kuma ce shaidar jinsi ta zauna manne da gaɓa ɗaya, maraina ga namiji, hantsa ga tamace, don haka ka lura kafin wuƙa ta wuce.

Kowace gaɓa a buhunta na yadi, a rataye a inuwa inda iska ke bi, gefen ƙorama ya fi. Leda tana kulle zafi, a guje ta har sai naman ya huce sarai. A matsar da shi mita 100 daga gawar saboda beyar, kuma idan ka dawo sawu na gaba ka tsaya daga nesa ka duba, ka yi motsi a ji ka. Nama ake fara fitarwa, ƙaho a sawun ƙarshe. A mota kana bukatar manyan kuloli biyu ko uku da ƙanƙara a robobi, don kada naman ya kwanta a ruwa.

Saura cutar nan mai cin ƙwaƙwalwar barewa da elk, wadda ake kira CWD, da aka fara ganowa a Fort Collins ta Kolorado a 1967. Hukumar jihar tana gwada kan dabba, a wasu yankuna ma tilas ne, kuma CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce kada a ci wanda gwaji ya nuna yana da ita. Jihohi da yawa sun hana shigo da ƙwaƙwalwa da lakar baya, saboda haka ka duba dokar jihar da za ka koma da ta waɗanda za ka ratsa, ka zare ƙashi, ka wanke ƙoƙon ƙaho tas. In ta jirgi za ka koma, a daskarar da naman a gari kwana ɗaya ko biyu, a raba shi kuloli na kilo 23, busasshiyar ƙanƙara kuma ba a wuce kilo biyu da rabi ga kowane fasinja.